Baba Ya Fara Yawon Buɗe Ido

Huwa Tanon, tsibirin Samui
Watan Rajab, 1988

Zuwa ga ƙanena Sama'e,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Jubail can ƙasar Larabawa? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Yakob yana gaishe ka, yara ma suna gaida kawunsu. 'Yarmu Asma ta yi fama da tari amma ya sake ta.

Baba yana zaune kusa da ni a kan tabarma. Ya ce in na gama rubutu sai na karanta masa tas kafin in liƙe, kuma shi zai kai gidan waya a Naton. Saboda haka ka san kunnensa yana cikin wasiƙar nan.

Watan jiya mun hau jirgin ruwa mun tsallaka zuwa asibiti a Surat, saboda cikin nan da yake damunsa. Likita ya duba shi, ya ba da magani, ya ce ya huta. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Ga labarin da zai ba ka mamaki. Baba ya miƙa wa Yakob makullin a-kori-kurarsa. Eh, motar nan da ko goge ta ba ya bari wani ya yi. Yanzu Yakob ne ke ɗibar Turawa yana zagayawa da su, Baba kuwa ya koma benci na baya ya zama fasinja. Ya ce tun kafin a zuba wa hanyar tsibirin nan siminti yake kai mutane kallo, amma bai taɓa wuce inda ake ajiye mota ba. Yana so ya ga abin da ke raba Bature da ƙasarsu.

Ranar Talata muka kai shi magangarar ruwa ta Na Muwang. Ka tuna Nuwan, matar nan mai sayar da ɗanyar kwakwa a bakin hanya? Tana ganinsa ya nufi ciki ta saki wuƙa ta kira sunansa ta ce, "Doloh! Yau kai ne baƙon? To sai ka biya kuɗin Bature."

Ya ce, "In Bature ne ni, ina jar fatar? Ba ni kwakwa, kin ji, kafin in kai ƙararki wurin birin da ya tsinko miki."

Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da muka zauna a hanya ya huta, muka sake zama. Ruwan ya ragu saboda rani, duk da haka yana zubowa a kan dutsen nan mai ruwan makuba. Baba ya cire hula, ya tsoma ƙafa, ya zauna yana kallon ruwan har na fara jin sanyi. Can ya ce, "Ashe da gaskiyarsu." Ya ce da ya sani da ya kawo Inna tun tana raye.

Ya rame, Sama'e. Zanen da yake ɗaurawa yanzu sai ya ƙara naɗi. Shi ya ce in rubuta maka cewa ya koma saurayi.

Don Allah ka karanta wasiƙar nan a nitse, ba a tsaye a bakin aiki ba. Ka san Baba. Ka tambayi kanka ko ka taɓa ganinsa ya huta.

Yayarka,
Saripa


Jubail
Watan Sha'aban

Yaya Saripa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya lau, sai 'yar ƙunar da tartsatsin walda ya yi mini a wuya, ta ma warke. Ina gaida Baba da kyau, ina gaida Yaya Yakob da yara.

Wallahi na yi dariya har na farkar da abokin ɗakina. Baba a bencin baya! Na karanta wa 'yan ƙasarmu da muke aiki tare, wani mutumin yankin Isan, can arewa, da bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama ya ce in mun koma sai Baba ya zagaya da shi. Alhamdu lillahi da likita ya ce hutu kawai yake buƙata. Tun yaushe nake cewa ya ajiye motar nan? Ramar ma alheri ce, tumbin nan dama ya yi masa yawa.

Amma Yaya, ki sa ido. Mutum ya ce ya koma saurayi, ya je yana zolayar mai kwakwa, ni dai na fara zargi. Ki gaya masa in aure yake nema ya bari in dawo in zama waliyyi.

Yanzu ga albishir, ki karanta masa da ƙarfi. Kamfani ya amince in ɗauki hutuna lokacin aikin Hajji. An sa sunana. Hutun guda ɗaya ne, ko gida ko Makka, kuma kin san abin da Baba ya gaya mini a bakin jirgi ranar da zan taho. Ya riƙe hannuna ya ce a gidanmu ba wanda ya taɓa ganin Ka'aba, kada in kuskura in dawo ban gan ta ba. To ga shi Allah ya kawo. Gida sai baɗi in kwantiragi ya ƙare.

Abu ɗaya nake roƙo. Ya je duk inda yake so, amma kada ki bari ya hau wurin babban gunkin Buddha. Kai fasinja daban, hawa da ƙafarsa daban. Kin san bakin mutanen unguwarmu, ga shi ɗansa zai tafi Hajji.

Ki aiko mini da hotonsa. Nan ba abin kallo sai yashi da bututu, wani lokaci ina rufe ido in ga bishiyoyin kwakwar gonarmu ta bakin ruwa.

Ƙanenki,
Sama'e


Huwa Tanon
Tsakiyar Azumi

Sama'e,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa a ƙasar da ba inuwa? Muna nan lafiya. Yakob da yara suna gaishe ka.

Na karanta wa Baba albishir ɗinka. Ya sa na maimaita, ya juya fuska bango, ya daɗe a haka. Da yamma ya sa aka kira liman da maƙwabta ya gaya musu da bakinsa.

Maganar waliyyi kuwa ya ce in ce maka ɗan banza.

Wasiƙarka ta makara, ya riga ya hau wurin Buddha. Kafin nan sai da ya zo inda nake sayar da alewar kwakwa, wurin Duwatsun Tsoho da Tsohuwa. Ka san kunya ba ta taɓa barinsa ya sauka ya ga duwatsun nan masu siffar al'aurar namiji da ta mace ba. Ran nan ya ce in kauce, ya lallaba shi kaɗai. Ya dawo yana dariya yana dafe ciki yana cewa, "A'uzu billahi! Wannan nake kawo matan mutane su gani?" Dariyar ta yi masa ciwo, sai da muka kwantar da shi a ƙarƙashin rumfata.

Wurin Buddha kuwa Baba Cuwan ne ya raka shi, abokinsa direba da suka yi shekaru suna jiran fasinja a gindin matakalar nan. Baba ya ce masa, "Kai ka ci abincin Sallata ba adadi, ni ban taɓa ganin inda kake zuwa ka yi kuka ba." Cuwan ya ce, "Wa ya ce maka kuka nake? Lambar caca nake roƙa." Haka suka hau, tsoho riƙe da tsoho, ni da Yakob a baya. A sama Cuwan ya shiga ya kunna turarensa. Baba bai durƙusa ba, bai taɓa komai ba. Ya tsaya a bakin shinge yana kallon teku da tsibirin Pangan. Da Cuwan ya fito sai na ga idonsa ya yi ja. Saukowa kuwa goye a bayan Yakob Baba ya yi ta.

Mutanen unguwa sun yi magana, kamar yadda ka ce. Baba ya ce su yi, shi ba shi da lokacin sauraro.

Ga hoto nan, wani mai ɗaukar hoton Turawa ya ɗauke mu a sama. Ka duba shi da kyau.

Yanzu Baba ne ke faɗa ina rubutawa: "Sama'e, ka riƙe aikinka, ka riƙe niyyarka. Ko me ka ji kada ka taho sai ka tsaya a Arfa. In ka saɓa wannan ban yafe ba."

Ni kuma nawa guda ɗaya ne. Gidan nan ba zai daɗe yadda ka san shi ba. Akwai abubuwan da ni kaɗai nake ɗauka, kuma sun fi ƙarfina.

Yayarka,
Saripa


Jubail
Bayan ƙaramar Sallah

Yaya,

Salam. Barka da Sallah, ina fatan kowa lafiya. Ni lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa.

Hoton da kika ce in duba, na duba. Rana tana bayanku, ba a ganin fuskar kowa, sai ƙaton gunkin zinariya a kan Baba. Wannan zan nuna wa mutanen da zan yi ihrami tare da su? Abu ɗaya na roƙe ki. Ko wasiƙata ta makara, ke ba ki san daidai ba?

Sannan me kike nufi da gidan ba zai daɗe yadda na san shi ba? Kwana na yi ina juya maganar. Wani ɗan Samui da ya zo nan kwanan baya ya ce masu gina ɗakunan Turawa suna bin bakin ruwa gona gona suna saye, tun da aka fara aikin filin jirgin sama. Sai na haɗa. An karɓi makullin mota an ba Yaya Yakob. Ana yawo da tsoho ana faranta masa. An ce kada in taho ko me na ji. Yaya, gonar kwakwa kuke so ya sa wa hannu? Gonar Inna ce. Ni ina nan ina ƙona idona a bakin wuta don kada mu taɓa sayar da ita.

In nauyin Baba ne ya ishe ki, ki faɗa kai tsaye, in nemi wadda za ta riƙa taya ki. Ba sai kin yi ta zagaye-zagaye ba.

Ki gaya wa Baba na ji umarninsa, ba zan taho ba sai na sauke farali. Amma kada a taɓa ko bishiya ɗaya kafin in dawo.

Sama'e


Gidan waya, Naton
Ƙarshen Shawwal

Sama'e,

Assalamu alaikum. Ba ni da lafiyar da zan ba ka labari. A tsaye nake rubuta wannan a kan kantar gidan waya, Baba bai sani ba, kuma ba zai ji ta ba.

Baba mutuwa yake yi. Ciwon daji ne a hanta. Tun ranar da muka je Surat likita ya kira ni gefe ya ce ya riga ya bazu, ba aikin da za a yi, mu kai shi gida. Baba ya karanta a fuskata tun kafin mu kai bakin jirgi. A cikin jirgin ya sa na rantse ba zan gaya maka ba sai ka gama Hajji. Na rantse, Sama'e. Yau na karya, Allah ya yafe mini.

Duk wasiƙar da na aiko maka sai da ya saurara, sannan ya karɓa ya bi ta da yatsa layi layi. Me kake so in yi? Na ce ya rame. Na ce a bayan Yakob ya sauko. Na ce ka duba hoto. Kai kuwa gunki ka gani.

Wasiƙarka ta ƙarshe ban karanta masa yadda take ba. Na riƙe takardar ina ƙirƙiro gaisuwa da addu'a, yana murmushi. Allah ya taimake ni yanzu idonsa ba ya iya bin rubutu. Ba wanda ya taɓa gonarka. Yakob da kake zargi shi ke ɗaukar ubanka zuwa bayan gida, shi ke yi masa wanka. Ban nuna masa abin da ka rubuta ba, kuma ba zan nuna ba.

Idon Baba ya zama ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafun ma haka. Ba ya cin komai sai ɗan ruwan shinkafa. Yawon nan da kuka yi wa dariya ban kwana yake yi. Saura wuri ɗaya a ransa, tudun Lat Ko inda ake hango gaɓar tekun Caweng, amma ban ga ƙarfin zuwa ba.

Ban ce ka taho ba, ban ce kada ka taho ba. Ka ji abin da ya ce a kan Arfa, kuma da gaske yake. Amma ba zan bari ka sauko daga Makka da farin ciki ka tarar da kabari ba, alhali na sani na yi shiru. Ka zaɓa da idonka a buɗe.

Ka ba ni amsa ta adireshin Baba Cuwan.

Saripa


Huwa Tanon
Watan Zulƙida

Sama'e,

Salam. Ina fatan kana raye, don na fara tunanin ko wani abu ne ya same ka.

Kullum Baba Cuwan sai ya biyo ta wurin rumfata, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Na je Naton na buga lambar ofishinku da ka taɓa ba mu. Wani ya ɗauka yana Larabci, ina ta kiran sunanka, yana ta magana, har layin ya yanke. Na aika tangaraho. Shiru.

In fushi kake da ni don na ɓoye maka, ka yi, amma ka rubuto ka zage ni in san ka ji. In kuwa ka zaɓi Makka ne kunya ta hana ka faɗa, wallahi ba zan riƙe ka ba, abin da ya nema ke nan. Shirun ne ba zan iya ba. Wani lokaci ina wanke masa zane sai in ji zuciyata tana cewa, da gona na ce za a sayar da tuni amsa ta iso.

Hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa. Malamin asibitin nan ya ce haka ciwon hanta yake yi in ya yi nisa. Jiya ya kira ni da sunan Inna. Shekaranjiya da hantsi muka neme shi muka rasa, sai ga shi a cikin mota a gaban sitiyari, ba makulli, yana jiran fasinja. Ya ce wa Asma ta hau da sauri jirgi ya kusa isowa. In ya dawo hayyacinsa kuwa tambayarsa ɗaya ce, alhazai sun fara tafiya?

Ni kaɗai ce a nan, Sama'e. Na karya rantsuwa, kuma ga alama a banza.

Saripa


Jubail
Farkon Zulhajji

Yaya,

Yau na dawo Jubail. Tun bayan Sallah aka kwashe mu zuwa aikin bututu a cikin hamada, ba gidan waya, ba komai. Wasiƙunki biyu da tangarahon suna cikin kwali a ofis, yanzu aka miƙo mini su tare.

Ki yafe mini. Ki roƙar mini Yaya Yakob, ko da bai san laifina ba.

Na ɗauko hoton na kai shi bakin taga. Na ga wuyan hannunsa.

Motar alhazai za ta tashi ba ni. Shugaban aikinmu ya shiga ya fita an ba ni fasfona. Wani da zai sauka Bankok gobe zai jefa miki wannan a gidan waya, wataƙila ma in riga ta isowa. Kada ki gaya wa Baba komai.

Sama'e


Jubail
Watan Safar

Yaya Saripa,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na koma bakin aiki. Ya ƙarin haƙuri? Ya Yaya Yakob da yara? Ki gaida Baba Cuwan, ki ce masa na ga yadda ya tsaya a bayan maƙabarta har aka watse.

Na sami wasiƙarki. Kin ce ba kya iya barci. Kin ce kin raba ni da Hajji, kin saɓa wa Baba, kuma duk a banza tunda har ya rasu bai gane ni ba. Kin sake tambayata abin da ya faru ranar da na fita da shi a mota. A gida kin tambaye ni na ce ba komai. Ba ɓoye miki nake ba, bakina ne ya kasa. Bari in gwada da biro.

Kin tuna ranar da na iso, da gemu da farar hula, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Daga Malesiya?" Kika buɗe baki za ki yi magana na girgiza miki kai. Tsoro ne ya kama ni. In ya gane ni, ya gane na saɓa masa.

Ranar Arfa, kina wurin karɓo magani, ya farka da ɗan ƙarfi. Ya gan ni zaune ya ce, "Malam, har yanzu ba a zagaya da kai ba? Wannan abin kunya ne. Tashi." Na ce ya bari sai ya ji sauƙi. Ya ce baƙo ba ya zuwa Samui ya koma bai ga komai ba, ba a motarsa ba. Na ɗauke shi na sa a gaba, bai fi nauyin Asma ba. Ya ce, "Yau ƙafata ba ta taka burki. In ka iya tuƙi ka ja, ni in nuna hanya, sai in rage maka kuɗin mota."

Yaya, duk hanya yana yi mini bayani. Ga kasuwar kifi, ga inda birai ke koyon tsinkar kwakwa. Da muka zo mashigar Duwatsun Tsoho da Tsohuwa ya ce, "Nan ba na malamai ba ne, wuce." Da na sa giya ta yi ƙara ya ce, "A hankali, Malam, ba ta gwamnati ba ce."

A Lat Ko ya ce in tsaya. Na goya shi zuwa bakin dutsen na zaunar da shi, na zauna a bayansa ya jingina da ni. Ruwan ya kwanta shuɗi har Caweng, jiragen masunta suna fita. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ina da ɗa a Makka. Yau yana Arfa, na ji yara suna cewa ana azumi. Mai walda ne. Duk tsibirin nan ba mai hannunsa."

Na ce, "Allah ya karɓa masa."

Ya ce, "Amin. Yana da zafin kai, amma na uwarsa ne."

Na daure na ce, "Ba ka so ya zo ya gan ka?"

Ya juyo kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Wane uba ne ba ya so? Duk ranar da na kai wasiƙa Naton sai na sa surukina ya tsaya a bakin jirgi, in ce iska nake sha. Masu sauka nake dubawa. Na san ba ya ciki, ni na hana shi, amma sai na duba." Sannan ya rage murya. "'Yata na sa ta rantse. Na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kullum ina cewa a raina, yarinyar nan ba ta taɓa jin maganata ba tun tana ƙarama, me ya sa sai wannan karon ta ji? Kada ka gaya mata, Malam. Za ta raina ni."

Wannan ne abin da na kasa faɗa miki, Yaya. Da bakinsa ya faɗa, kuma a lokacin idonsa tar yake, ba kamar sauran kwanakin ba. Ki karanta, ki sake karantawa, sannan ki kwanta ki yi barci. Hajji yana nan, liman ɗin sansaninmu ya ce in na yi nawa zan iya yi masa nasa. Abin da na samu a kan dutsen nan ba zan sake samunsa ba, kuma ke kika ba ni.

Da rana ta fara zafi na ce mu koma. Ina ɗaga shi ya riƙe wuyan rigata ya ce, "Malam, ku kuna zuwa Makka a kai a kai. In ka haɗu da shi, sunansa Sama'e ɗan Doloh. Ka ce masa ya riƙa sa gilashin nan in yana aiki, yana wasa da idonsa. Ka ce masa ya ci abinci."

Na ce, "Zai ji, Baba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na ɗauka shi ke nan ya gane. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai ma ka iya kiran mutum Baba. Kamar shi."

A hanyar dawowa ya yi barci a kafaɗata, na riƙa tuƙi da hannu ɗaya. Sauran kin sani, kina wurin.

Ki rubuto mini, ko ba labari.

Ƙanenki,
Sama'e